Bashin Ruwa: Yini Guda a Kan Keke a Hanyar Agadas

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi, sai dai ba su gaya mana cewa wani ilimin yakan zo goye da kunya ba. Shekaru da dama sun shuɗe tun da mu huɗu muka ɗaura kaya a kan kekuna muka tasar wa Agadas daga Kano, a hutun ƙarshen shekara ta 2004. Kwanaki 12 muka yi a hanya, kuma yawancinsu sun cuɗe a zukatanmu har ba ma iya bambanta wannan da wancan. Yini ɗaya ne kawai ya tsaya daram, wato yini na takwas, wanda muka yi tsakanin Tanut da Adarbisanat. Labarinsa muke so mu bai wa mai karatu, domin a cikinsa muka ci wani bashi wanda har yau ba mu biya ba.

A lokacin dukanmu ɗalibai ne a kudancin ƙasar nan, inda ruwan sama kan zuba har ya gunduri mutum. Abin da ya zuga mu shi ne labarin fatake da muka taso muna ji a bakin kakanni, da kuma abin da muka karanta a darasin tarihi game da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa ya gangaro Damargu a Janairun 1851, ya iso Kano a watan Fabrairu. Muka ce tun da shi ya yiwo kudu a kan dabba, mu sai mu yi arewa a kan ƙarfe. Muka bi ta Kazaure da Daura, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, muka ratsa Matamaye zuwa Damagaram. Daga nan zuwa Agadas tafiyar kimanin kilomita 450 ce, ta Bakin Birji da Sabon Kafi da Tanut.

Tun a Kano muka raba wa kanmu muƙamai irin na ayari. Babbanmu shi ne Madugu, shi ke riƙe da taswira. Akwai Ma'aji, mai kula da kuɗi da lissafin ruwa a wani ɗan littafi. Akwai Mai Faci, mai ɗauke da famfo da sholisho da sifana. Sai kuma ƙaraminmu, Auta. Ba za mu faɗi wanda ke riƙe da alƙalami cikin huɗun nan ba, domin laifin da za a ji nan gaba na kowa ne.

Asubar ranar ta same mu a wani fako, tafiyar yini guda arewa da Tanut. Sanyin hunturu na wannan ƙasa ya wuce wanda muka sani a gida, har sai da muka hura wuta muka gasa yatsu kafin mu iya ɗaure igiyar kaya. Gonakin gero na Damargu sun riga sun ƙare a bayanmu. Abin da ke gabanmu fili ne shimfiɗaɗɗe, da tsiraran itatuwan ƙaya da aduwa da tumfafiya nan da can, sai ƙarangiya mai maƙalewa a safa. Bayan mun yi sallah mun sha shayi, Ma'aji ya buɗe littafinsa ya karanta mana hukunci. Ruwan da ya rage lita 24 ne, wato kowa lita 6. Saura kilomita 72 mu kai Adarbisanat. In muka yi kilomita 12 a kowace awa, kafin La'asar mun isa, har da ragowar ruwan alwala. Lissafin ya yi kyau a takarda, duk muka yi na'am da shi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana mu ɗauko ruwa fiye da haka daga Tanut? Amsar ita ce, kowace lita ɗaya ta ruwa nauyin kilo ɗaya gare ta. Wanda ya ɗora jarka biyu a kan kariya, ga bargo ga abinci ga tukunya, zai ji sifokin wilin baya suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kuma da ya shiga rairayi sai tayar ta nutse. Matafiyin keke a hamada kullum yana tsakanin tsoro biyu ne, tsoron ƙishirwa da tsoron nauyi. Mu tsoron nauyi ya fi rinjaye a kanmu.

Abin da littafin Ma'aji bai sa a lissafi ba shi ne iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuwa arewa muka dosa, don haka kusan gaba da gaba muka yi da ita. Da hantsi ya ɗaga sai ta taso da ƙarfinta, tana watsa mana tsakuwa a ƙwauri, tana tura keken baya kamar mai jin haushinmu. Muka jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya tare wa na baya iska, in ya gaji ya koma ƙarshen layi. Hanyar kuma ba ta taimaka ba. Wani wuri a sami guntuwar kwalta, wani wuri burji mai gargada da ke kaɗa haƙora, wani wuri kuma rairayi ya kwanta a kai sai an sauka an tura. Ita wannan iska ba ta bari a ga gumi, tana shanye shi tun bai tsattsafo ba. Mutum ba zai san jikinsa na zubar da ruwa ba sai ya ga farin gishiri ya zana taswira a bayan rigar ɗan'uwansa. Manyan motoci biyu suka wuce mu da sassafe, an lafta musu kaya har sama, mutane zaune a kan kayan sun rufe fuska da rawani. Suka ɗaga mana hannu, muka ɗaga musu cikin alfahari, don a lokacin ba mu bukatar kowa.

Wajen ƙarfe tara da rabi muka hango wani abu yana gudu daga cikin daji zuwa bakin hanya. Da muka matso sai muka ga yaro ne, bai fi shekara tara ba, ba takalmi, awakinsa na can nesa suna kiwo. Yana riƙe da wata tsohuwar gorar roba, yana kifa ta yana girgizawa don mu ga ba kome a ciki. Hausarsa ba ta wuce kalma biyu ba: "Ruwa, Malam." Muka tsaya. Muka dubi Ma'aji, Ma'aji ya dubi littafinsa, ko da yake bai buɗe shi ba. Ya ce mun riga mun makara da awa guda, kuma yaron ɗan ƙasa ne, ya san inda rijiya take, mu ne baƙi. Maganar ta yi kama da hankali, babu wanda ya musa. Don mu wanke zukatanmu sai Auta ya zaro ƙullin biskit ya miƙa masa. Yaron ya karɓa, ya dubi biskit ɗin, ya dubi jarkokinmu, bai ce kome ba. Muka taka feda muka wuce. Sai da muka yi nisa ɗayanmu ya ce, a hankali, "Busasshen biskit fa muka ba mai jin ƙishirwa." Iska ta ɗauke maganar, mu ma muka bar ta ta tafi.

Da misalin ƙarfe goma sha ɗaya tayar gaban Mai Faci ta shiga wani rami da rairayi ya ɓoye, ya kife. Shi bai ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwa, amma jarkar da ke bayansa ta bugu da dutse ta tsage daga gindi. Kafin mu kwance igiya mu juye abin da ya saura, lita 8 ta bi ƙasa. Muka tsaya muna kallon wurin da ya jiƙe yana ƙanƙancewa, cikin 'yan mintoci ya bushe sarai kamar ba a taɓa zubar da kome ba. Ruwan da muka hana yaro gora ɗaya daga ciki, ga shi rairayi ya shanye ninkinsa ba godiya.

Ƙarfe ɗaya na rana ya yi muna da kilomita 34 kacal a bayanmu, 38 a gabanmu, da ruwa lita 7. Muka raɓe a ƙarƙashin wata aduwa mai inuwa kamar rariya. Muka yi taimama, muka haɗa Azahar da La'asar muka yi ƙasaru. Can gaba kawalwalniya tana ta walƙiya kamar tafki, mun san ƙarya ce, amma ido ya ƙi daina kallonta. A nan muka lura Auta ya yi shiru fiye da kima. Leɓunansa sun tsage, ya ce kansa na sarawa, da ya miƙe sai jiri ya mayar da shi zaune. Muka ba shi rabin lita, ya amayar da ita. Muka zauna awa guda muna sauraren ƙarar mota, babu ko ɗaya.

Daga nan gardama ta tashi. Ma'aji ya ce mutum biyu su sauke kayansu su ɗauki lita 3 su yi gaba su nemo taimako, ɗaya ya zauna da Auta. Madugu ya ce ayari ba ya rabuwa a daji, kuma wanda zai yi kilomita 38 gaba da wannan iska da lita ɗaya da rabi, shi ma gawa ce ke jiran lokaci. Murya ta fara ɗagawa, har aka soma tono wanda ya ce a rage jarka a Tanut. Auta ya buɗe ido ya ce, "Yaya, ku daina. Ku tafi kawai, ni zan jira." Jin haka ya sa kowa ya yi tsit, don mun gane cewa ya fara ɗaukar kansa a matsayin kaya.

Mai Faci, wanda ya koma gefe don kada a ce shi ya jawo, shi ya kira mu mu ga wani abu. 'Yan taku kaɗan daga inda muke, sawun dabbobi ne birjik sun ƙetare hanya sun yi yamma, na raƙuma da na jakuna da na awaki, ga kashinsu bai gama bushewa ba. Sai Madugu ya tuna maganar wani dattijo mai shayi a Tanut, wanda ya ce mana in muka ga turobun dabbobi suna haɗuwa kamar yatsu zuwa tafin hannu, to rijiya ce a tafin. Amma dattijon nan dai shi ne ya gargaɗe mu kada mu kuskura mu bar hanyar mota ko da me. Shawara biyu daga baki ɗaya, kuma dole mu karya guda. Muka jera duwatsu a bakin hanya muka yi kibiya mai nuna inda muka bi, muka yi bisimilla muka shiga daji.

Tura keke mai kaya cikin rairayi aiki ne da ba mu yi wa maƙiyi fatansa. Mutum uku muna tura kekuna huɗu bi da bi, Auta yana dafe da kafaɗar wanda ya samu. Ƙaya ta huda tayoyi uku, ba mu ko tsaya dubawa ba. Mun fi awa ɗaya da rabi a haka, har shakka ta fara shigar mu, sai iska ta kawo mana wata ƙara siririya, ƙiii, ƙiii, kamar kukan ƙofar da ba ta sha mai ba. Ƙarar itacen da igiyar guga ke bi ta kansa ce. Ba mu taɓa jin kiɗan da ya kai ta daɗi ba.

Rijiyar tana cikin wani kwari, kewaye da dabbobi masu yawa, kowane garke an tsare shi a gefe yana jiran layinsa. Buzaye ne, maza sun ja amawali sun rufe baki. An kafa itatuwa masu gwafa a bakin rijiyar, kowane gida da nasa. Jakuna biyu ake ɗaura wa igiya, yaro ya kora su su yi nisa, sannan wasaki ya fito a cike, maza biyu su cafe shi su juye a komi. Daga baya mun auna turbar da jakunan ke bi, muka sami taku 70 da 'yan kai, wanda ke nuna zurfin da ake jawo kowane wasaki daga gare shi. A nan muka ga abin da ake nufi da tsadar ruwa, ko da ba a ambaci kuɗi ba.

Muka yi sallama. Wani tsoho dogo, siriri kamar sanda, ya amsa da Hausa mai karyayyen harshe. Bai tambaye mu daga ina ko zuwa ina ba. Ya dubi Auta sau ɗaya, ya yi magana da yarensu, sai wasakin da ya fito a lokacin aka kauce wa komi da shi aka juye mana a wata tasa. Raƙuman da ke kan layi suka yi ta gurnani suna turo wuya, yara suna dukansu suna mayar da su baya. Muka yi wawan tasar, tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu-sannu, samari. Wanda ya daɗe bai sha ba, in ya yi gaggawa cikinsa zai mayar." Ya sa aka kwantar da Auta a inuwa, ya jiƙa wani ƙyalle ya ɗora masa a ka da wuya, yana ba shi kurɓi ɗaya yana jira, kurɓi ɗaya yana jira. Can wata tsohuwa ta aiko da wani abin sha mai kama da fura, na dakakken gero da cuku. Kafin rana ta faɗi Auta ya tashi zaune har yana tambayar inda kekensa yake.

Da aka gama shayar da dabbobi muka zauna da tsohon. Muka ce, "Baba, yaya shekara?" Ya ce shekara sai godiya, amma ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka ta cinye abin da ya tsira. Ciyawar da ta saba kai su bazara ga shi tun hunturu ta ƙare. Gero yana hawa a kasuwa, dabba tana faɗuwa. Raƙuman da muka sha a gabansu kwanansu biyu rabonsu da ruwa. Ya ce in Allah bai kawo sauƙi ba, kafin damina za a ci anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Ya faɗi wannan duka ba tare da ya sauya murya ba. Muka dubi ƙwaryar da muka shanye, muka san daga cikin wane rumbu geron ya fito.

Sannan shi ma ya yi tasa tambayar. "To ku, 'ya'yana, me kuka ɓatar a Agadas? Fatauci ne, ko kuna da dangi?" Muka ce babu ko ɗaya, mun fito ne mu ga ƙasa. Ya ce ba ku da kuɗin mota ne? Muka ce muna da shi. Ya yi shiru, sannan muka ga idanunsa sun ƙanƙance a saman amawali, alamar dariya. Ya ce, "Ikon Allah. Mu muna gudun ƙishirwa, ku kuna biyo ta." Duk karatunmu na jami'a bai ba mu abin da za mu mayar masa ba.

Ma'aji ya zaro jaka biyu ta sefa ya miƙa da hannu biyu. Tsohon bai ko kalli kuɗin ba. Ya ce ba a sayar wa matafiyi ruwan rijiya, wanda ya yi haka ya ɓata sunan gidansu. Madugu ya fi mu dabara, ya ɗauko rabin sukarinmu da ganyen shayi ya ce tsaraba ce. Wannan ya karɓa. Amma nan take ya sa aka hura gawayi, ya dafa shayin nan zubi uku, mu ne kuma muka sha mafi yawansa.

Muna cikin shan shayin ne Mai Faci ya taɓa ɗayanmu da gwiwar hannu. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce zaune kusa da jakuna, tana wasa da takardar biskit, irin namu sak. Muka shiga duban yaran ɗaya bayan ɗaya, muna neman fuskar da muka bari a bakin hanya da safe. Duk ƙura ta rufe su, duk rigunansu iri ɗaya, kuma gaskiyar magana ita ce ba mu kalli yaron da kyau ba balle mu shaida shi. Muka gaya wa kanmu cewa irin wannan biskit ana sayar da shi a kowace kasuwa. Babu wanda ya yi ƙarfin halin tambaya. In tsohon ya san abin da muka yi, bai nuna ba ko da ƙiftawar ido, kuma wannan ya fi mana zafi a kan ya zage mu.

A gefen zangonsu muka kwana. Muka yi alwala da ruwa muka yi Magariba da Lisha a bayan tsohon. Mai Faci ya yi facin tayoyi uku da hasken tocila. Ma'aji ya rubuta lissafin yini: kilomita 37, har da ukun da muka tura a daji, ruwan da aka samu, lita 30, a gurbin farashi ya ja layi ya bar shi fili. Iska ta kwanta, taurari suka sauko ƙasa-ƙasa, amma barci ya daɗe bai zo mana ba.

Washegari suka cika mana jarkoki, wani saurayi ya raka mu har bakin hanya. Bayan kwana huɗu muka shiga Agadas, muka hau hasumiyar babban masallacinta mai tsawon mita 27, muka ɗauki hotuna. Muka komo makaranta ana ta yi mana kirari. Sai a tsakiyar 2005, muna zaune a ɗakin kwanan ɗalibai ruwa na dukan kwano, muka riƙa ji a rediyo cewa yunwa ta auka wa miliyoyin mutane a Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, makiyaya kuma dabbobinsu na mutuwa. Muka yi alkawarin komawa da buhunan gero in mun gama karatu. A 2007 tawaye ya sake ɓarkewa a arewacin ƙasar, hanyar ta fi ƙarfin irinmu. Daga baya aiki da iyali suka raba mu. Ko sunan tsohon ba mu tambaya ba, balle na rijiyar.

In mun haɗu yanzu, babu mai tayar da zancen hasumiya. Littafin nan yana nan a wurin Ma'aji, gurbin farashin yana nan fili. Abin da za mu iya gaya wa ƙannenmu masu sha'awar irin wannan tafiya kaɗan ne. Ku tambayi inda iska ke busowa kafin ku yi lissafin awoyi. Kada ku raba ayari. In kuma kun zo auna ruwa, ku ƙidaya kanku, sannan ku ƙara mutum ɗaya wanda ba ku san shi ba tukuna, domin yana nan a bakin hanya da gorarsa.